Wa zai ɗauki asarar? Sharhi kan biyan asibitoci bisa sakamakon jinya

A tsakiyar shekarun 2000, asibitin Virginia Mason da ke birnin Seattle a Amurka ya zauna da kamfanin inshora na Aetna da wasu manyan kamfanonin da ke biya wa ma'aikatansu kuɗin magani, cikinsu har da Starbucks. Ƙorafin kamfanonin shi ne kuɗin jinyar ciwon baya ya yi yawa. Da aka bi sawun mai ciwon baya tun daga ranar da ya nemi ganin likita, sai aka ga yakan yi makonni yana jiran ƙwararre, a tura shi hoton MRI, ya dawo a duba hoton, daga ƙarshe a miƙa shi ga masu gashin ƙashi, inda da ma can ya kamata ya fara. Asibitin ya juya tsarin. Wanda ciwonsa bai nuna alamar haɗari ba, kai tsaye zai ga mai gashin ƙashi ba tare da dogon jira ba. Hotuna suka ragu, mutane suka koma bakin aiki da wuri. Da aka buga lissafi kuma sai aka tarar asara asibitin yake yi, domin ribar tana cikin hoton MRI ɗin da aka rage ɗauka, gashin ƙashi kuwa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sai da Aetna ta yarda ta ƙara abin da take biya kan gashin ƙashi sannan tsarin ya iya tsayawa da ƙafarsa.

Duk muhawarar da ake tafkawa kan biyan asibitoci bisa sakamako tana cikin wannan ɗan lissafin. Abin da mai biya yake kira almubazzaranci, a littafin asibiti sunansa kuɗin shiga, kuma da shi ake biyan albashin ma'aikata da kuɗin wuta da bashin ginin da aka yi bara. Saboda haka idan aka ce za a taimaka wa likitoci su bar tsohon tsari su kama sabo, tambayar farko ita ce wa zai ɗauki asarar da za a yi a tsakani. Yawancin shirye-shiryen da suka ci tura, a ganina, wannan tambayar suka tsallake.

Tsohon tsarin kowa ya san shi: kowane aiki da kuɗinsa. Ganin likita da farashinsa, gwajin jini da nasa, kwana a gado da nasa. Yana da kyawunsa, don likita ba ya ƙyashin aiki kuma lissafin a fili yake. Illarsa ita ce ba ya biyan komai a kan ciwon da aka tare tun bai iso ba. Nas ɗin da ta ɗauki waya ta kira dattijo mai raunin zuciya, ta tambaye shi ko ƙafafunsa sun kumbura, ta sa aka gyara masa magani kafin ruwa ya taru a huhunsa, ta cece shi daga kwanaki a gadon asibiti. Amma a tsohon tsari ba ta kawo wa asibitin ko sisi ba, hasali ma ta hana shi ciniki. Wanda aka yi wa tiyata aka samu matsala ya dawo aka sake buɗe shi kuwa, sau biyu za a biya. Likitoci ba da gangan suke haka ba, mafi yawansu ko takardar kuɗin ba sa dubawa. Hukumar asibiti ce ke dubawa, kuma ita ke yanke shawarar sashen da za a faɗaɗa da wanda za a bari ya ƙanƙance.

A Amurka aka fi jin wannan magana, kuma ruwa ba ya tsami banza. A 2023 ƙasar ta kashe dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya, kashi 17.6 cikin 100 na tattalin arzikinta, alhali tsawon ran Ba'amurke bai kai na Bafaranshe ko ɗan Japan ba. Wani nazari da mujallar JAMA ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa tsakanin dala biliyan 760 zuwa 935 na tafiya a banza duk shekara, kusan kwatan abin da ake kashewa. Malaman jami'a biyu, Michael Porter da Elizabeth Teisberg, su suka yayata ra'ayin a 2006, cewa a riƙa auna asibiti da lafiyar da mara lafiya ya samu idan aka gwada da kuɗin da aka kashe a kansa, daga farkon jinya har ƙarshenta.

Gwajin ya girmi wannan ra'ayin nasu. Tun 1983 Medicare, inshorar gwamnati ta 'yan shekara 65 zuwa sama, ta daina biyan asibiti duk abin da ya ce ya kashe, ta koma biyan tsayayyen kuɗi bisa nau'in ciwon da aka kwantar da mutum dominsa. Kwanakin zama a gado suka ragu nan da nan, sai dai wani kaso na kuɗin ya zagaya ta baya ya ɓulla a gidajen jinya da ake tura mutane bayan sallama. A shekarun 1990 kamfanonin inshora suka gwada ba likita kuɗi bisa kowane kai da ya yi rajista a wurinsa, ya yi ciwo ko bai yi ba. Hauhawar kuɗi ta lafa na ɗan lokaci, amma jama'a suka tsani tsarin don sun ga ana tare musu hanyar ganin ƙwararru, ƙungiyoyin likitoci da dama kuma, musamman a California, suka karye saboda sun ɗauki nauyin da ba su iya lissafinsa ba. Likitocin da suka ga wancan zamanin har yau suna ɗari-ɗari, kuma ban ga laifinsu ba.

Dokar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, ita ta sake buɗe babin. Ta kafa cibiyar gwada sababbin hanyoyin biya, ta ware mata dala biliyan 10 na shekara 10, ta kuma haifar da abin da ake kira ACO, wato gamayyar likitoci, wani lokaci har da asibiti, da ke ɗaukar alhakin lafiya da kuɗin jinyar wasu ƙididdigaggun mutane, aƙalla 5,000. A ce gamayya tana da tsofaffi 10,000, an duba tarihin jinyarsu an ƙiyasta za a kashe dala 12,000 a kan kowanne, jimilla miliyan 120. Likitocin na ci gaba da karɓar kuɗin kowane aiki kamar da. A ƙarshen shekara sai a tara duk abin da aka kashe a kan mutanen nan, ko wane asibiti suka je. In ya tsaya a miliyan 116, kuma gamayyar ta cika sharuɗɗan inganci, an samu rarar miliyan 4 ke nan, sai a raba. Gamayyar da ke matakin masu koyo tana ɗaukar kashi 40 cikin 100, wadda ta yarda ta biya daga aljihunta idan aka zarce ƙiyasi kuwa tana iya kaiwa kashi 75.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Ya danganta da littafin da ka buɗe. A watan Satumba na 2023 ofishin kasafin kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto cewa cibiyar gwaje-gwajen nan, tsakanin 2011 da 2020, ta kashe dala biliyan 7.9 wajen gudanar da shirye-shiryenta, shirye-shiryen kuma suka rage biliyan 2.6 kacal. Maimakon ragin da aka yi hasashe, ƙarin kusan biliyan 5.4 aka samu. Daga cikin gamayyoyi 32 da suka shiga gwajin farko mai tsauri a 2012, waɗanda suka kai ƙarshensa a 2016 ba su kai 10 ba. A ɗaya ɓangaren, babban shirin rabon rara na Medicare, wanda ba a ƙarƙashin cibiyar yake ba, ya ba da rahoton tsabar ragin dala biliyan 2.1 a 2023. Kuɗi ne, amma a shirin da ke kashe sama da tiriliyan 1 a shekara, bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. A jihar Massachusetts, kwangilar da kamfanin Blue Cross Blue Shield ya ƙulla da ƙungiyoyin likitoci tun 2009 ta fi nuna alamar nasara: bayan shekara 8 an ga ragin kusan kashi 12 cikin 100 a kuɗin jinyar waɗanda suka fara shiga, kafin a cire ladan da aka biya likitocin.

Abin da ya fi jan hankalina a cikin alƙaluman shi ne su wa suka yi ragin. Michael McWilliams na jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun nuna a 2018 cewa gamayyoyin likitoci masu zaman kansu sun fi rage kuɗi nesa ba kusa ba a kan gamayyoyin da asibiti ya mallaka. Dalilin ba ya buƙatar dogon bincike. Idan likitan matakin farko ya hana a kwantar da mutum, kuɗin da aka tsira da shi na asibiti ne, shi bai rasa komai ba, ga kuma rabon rara. Idan asibiti ya hana a kwantar da mutum, ya rasa dala ɗari ne don a maida masa arba'in ko hamsin bayan shekara. Gadon da ya kwana babu kowa bai rage masa kuɗin gini ko na injina ko albashin masu aikin dare ba, domin yawancin kuɗin tafiyar da asibiti tsayayye ne, ya cika ko bai cika ba. Ƙari a kan haka, mutanen da ke cikin sabuwar kwangilar ƙila kashi ɗaya ne cikin biyar na masu zuwa asibitin, sauran huɗun suna kan tsohon tsari. Likita ba zai tambayi inshorar mutum kafin ya yanke shawarar tura shi hoto ba, saboda haka duk gyaran da aka yi ya shafi kowa, ana asara a kan mutum biyar ana karɓar lada a kan ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma shugaban asibitin da ya ga haka yakan sa hannu a kwangilar don a ce ya shiga, sannan ya ci gaba da harkarsa kamar da.

Jihar Maryland ta tunkari wannan matsalar gaba da gaba. Da ma tun shekarun 1970 hukumar jiha ce ke tsayar da farashin asibitoci ga duk masu biya. A 2014 aka ƙara mataki, aka ba kowane asibiti tsayayyen kasafi na shekara wanda ya haɗa Medicare da inshorar talakawa da ta kamfanoni. Gado ya cika ko ya kwana fanko, kuɗin shiga ɗaya ne, don haka hana kwantarwa ya daina zama asara. Masu bincike sun yi saɓani kan girman ragin da aka samu, amma aƙalla an cire wa asibiti dalilin yin zagon ƙasa ga nasa shirin.

Akwai wata hanyar da ta fi sauƙin fahimta, biyan dunƙule a kan aiki guda. A watan Afrilu na 2016 Medicare ta tilasta wa asibitocin yankunan birane 67 shiga tsarin da ya ɗora musu alhakin duk kuɗin sauya gwiwa ko ƙugu, daga ranar tiyata har kwana 90 bayan sallama. Binciken da aka buga a 2019 ya nuna ragin dala 812 a kan kowace tiyata, kimanin kashi 3 cikin 100, ba tare da matsalolin bayan tiyata sun ƙaru ba. Kusan duka ragin daga wuri ɗaya ya fito: an rage tura mutane gidajen jinya, ana sallamar su gida tare da mai zuwa duba su. Wato asibitin ya yi tsimin ne da kuɗin wani, ba nasa ba. Yankin Stockholm a Suwidin ya riga su, tun 2009 yake biyan dunƙule kan irin wannan tiyata tare da garantin cewa asibiti zai ɗauki nauyin matsalar da ta biyo baya. Tsarin na aiki inda jinya ke da farko da ƙarshe. Ciwon suga ko hawan jini, wanda mutum zai rayu da shi shekara talatin, ba ya shiga wannan akwatin cikin sauƙi.

To me ake nufi da taimaka wa masu jinya su tsallaka? Abu na farko kuɗin somawa ne. Ƙaramar gamayya tana buƙatar nas masu bibiyar marasa lafiya, da manhajar kwamfuta, da mai nazarin alƙaluma tun ranar farko, alhali rabon rara, in ma an samu, sai wajen kakar shekara mai zuwa yake fitowa. Babban asibiti yana iya jira. Likitoci takwas a karkara ba za su iya ba. Medicare ta gwada ba irin waɗannan bashin somawa daga 2015, wanda ake cirewa daga rarar da suka samu daga baya, kuma yana cikin 'yan gwaje-gwajen da suka maida wa gwamnati fiye da abin da ta zuba. Shi ya sa daga 2024 aka mai da shi tsayayyen tsari, inda sabuwar ƙaramar gamayya ke iya karɓar dala 250,000 a tashin farko da ƙari duk wata uku. A kudancin Jamus ma, shirin Gesundes Kinzigtal da aka kafa a 2005 ya tashi ne da kuɗin somawa daga asusun inshora na AOK da kwangila mai dogon wa'adi, don an san ba a ganin amfanin kula da mai ciwon suga cikin wata goma sha biyu.

Bayan kuɗi sai labari. An ce likita ya ɗauki alhakin mutum, amma mutumin ya faɗi a gidan 'yarsa a wani gari, an kai shi wani asibiti, an canza masa magunguna uku, an sallame shi, likitansa bai ji ba sai bayan watanni da takardun biya suka iso. Saƙo ɗaya da zai shigo wayar nas da safe cewa an sallami wane jiya da daddare, ta kira shi cikin kwana biyu ta bi kwalaben maganinsa ɗaya bayan ɗaya, ya fi rahoton shafi ɗari amfani. A wannan kiran ake gano cewa yana shan tsohon maganin hawan jini tare da sabon, ko bai sayi sabon ba kwata-kwata don ba shi da mai kai shi kantin magani. Kamfanoni sun taso a kan wannan giɓin. Aledade, wanda Farzad Mostashari ya kafa a 2014, aikinsa ke nan: ya tara ƙananan likitoci masu zaman kansu, ya ba su manhaja da ma'aikata, ya ɗauki kasadar, ya karɓi kaso daga rarar. Taimako ne na gaske, amma ya kamata likita ya karanta kwangilar da kyau ya ga nawa ne kasonsa kuma wa ke riƙe da bayanan marasa lafiyarsa in aka rabu.

Sai kuma ƙiyasin kansa, inda gizo ke saƙar. In an gina shi kan abin da gamayya ta kashe a baya, wanda ya saba almubazzaranci shi ke da fili mai faɗi na ragi, mai tsimi tun asali kuwa ba shi da abin yankewa. Mafi muni, idan gamayya ta yi ƙoƙari ta rage, a sabon zango sai a sauko da ƙiyasin zuwa inda ta kai shi, ƙoƙarinta ya zama sandar dukanta. Duk mai hankali da ya gane haka zai riƙa ragi kaɗan-kaɗan. Medicare ta yi ta yi wa wannan kwaskwarima, ta cuɗa matsakaicin kuɗin yanki cikin lissafin, daga baya ta fara maida wani kaso na rarar baya cikin sabon ƙiyasi. Girman gamayya ma yana da tasiri. Cikin mutum 5,000, dashen gaɓa biyu ko uku da masu ciwon kansa kaɗan sun isa su cinye rarar shekara, ba don likita ya yi sakaci ba. Ƙaramar gamayya tana buƙatar a sa iyaka ga asararta da inshorar da za ta ɗauke mata jinya mai tsadar gaske, in ba haka ba caca aka tura ta.

Akwai nauyin da aka ɗora wa likitoci da sunan inganci wanda ya kamata a sauke. Wani bincike na 2016 ya ƙiyasta cewa a fannoni huɗu kawai, ofisoshin likitocin Amurka na kashe dala biliyan 15.4 a shekara wajen tattarawa da aika alƙaluman inganci, kimanin awa 785 na aikin likita da ma'aikatansa a kan kowane likita. Kowane kamfanin inshora da nasa ma'aunin, duk abu ɗaya suke aunawa amma kowanne da ɗan bambancinsa. Birtaniya ta bi wannan hanya tun 2004 da tsarin ba likitocin iyali maki da lada kan cika sharuɗɗa. Rubuta bayanai ya inganta ƙwarai, amma nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2016 bai ga wani ragin mace-mace na a zo a gani da za a jingina wa tsarin ba, kuma a shekarar yankin Scotland ya soke shi. Kwatanta da asibitin Martini-Klinik a Hamburg, wanda ya ƙware kan tiyatar kansar furostet, wadda maza kaɗai take kamawa. Can ana bin mutum shekaru bayan tiyata ana tambayarsa abin da ya dame shi a zahiri: yana iya riƙe fitsari? Yana iya kusantar iyalinsa? Likitocin tiyatar suna zama su kwatanta sakamakon junansu, wanda ya fi ya nuna wa saura yadda yake yi. Ma'auni kaɗan ne, amma likita ya yarda da su, mara lafiya ma ya gane su.

A gefe guda, ko an canza yadda ake biyan asibiti, sau da yawa ba a taɓa yadda asibiti ke biyan likitansa ba. Binciken cibiyar RAND da aka buga a 2022 ya tarar a fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙungiyoyin likitocin da ya duba, yawan aiki shi ne ginshiƙin albashi. Kwangilar da ke ofishin shugaba tana cewa a rage, takardar albashin likita tana cewa a ƙara. Ba sai an faɗi wadda zai saurara ba.

Duk tsarin da ya biya bisa sakamako dole ya yi la'akari da nauyin ciwon mutanen da aka ba likita, in ba haka ba kowa zai guji mai tsananin ciwo. Amma da zarar an ce mai yawan cututtuka ya fi kawo kuɗi, sai a samu sabuwar sana'a ta tono cututtuka a rubuta a fayil. A ɓangaren Medicare da kamfanoni ke gudanarwa, wanda yanzu ya ɗauki fiye da rabin waɗanda suka cancanta, hukumar da ke ba majalisa shawara ta ƙiyasta cewa a 2024 gwamnati na biyan kusan kashi 22 cikin 100 fiye da abin da za ta kashe a kan mutanen a tsarin gargajiya, kimanin dala biliyan 83, kuma babban kaso na wannan daga yawan rubuta cututtuka ne. Ka ajiye wannan kusa da biliyan 2.1 ɗin da aka yi ta murna a kai.

Tarar sake kwantarwa ma ta koyar da darasi. Daga watan Oktoba na 2012 Medicare ta fara zaftare wa asibiti kuɗi, har zuwa kashi 3 cikin 100 daga baya, idan masu bugun zuciya ko raunin zuciya ko nimoniya suna yawan dawowa cikin kwana 30. Alƙaluman dawowa suka sauka aka yi ta yabo. Daga baya wasu masu bincike suka nuna cewa kaso mai tsoka na saukar ya zo ne daga canjin fom ɗin biya, wanda ya ƙara guraben rubuta cututtuka daga 9 zuwa 25, sai marasa lafiya suka zama kamar sun fi da ciwo a takarda. Wasu asibitoci kuma suka riƙa ajiye mai dawowa a ɗakin sa ido ba tare da rubuta cewa an kwantar da shi ba. Tarar ta fi faɗawa kan asibitocin unguwannin talakawa, inda mutum ke dawowa don babu mai kula da shi a gida. Sai da dokar 2016 ta sa aka fara kwatanta asibiti da takwarorinsa masu irin yawan talakawansa.

Wani zato da ke yawo shi ne cewa tunda kashi 5 cikin 100 na jama'a ke cinye kusan rabin kuɗin lafiya, to a bi waɗannan 'yan kaɗan gida-gida, kuɗi zai zube. A birnin Camden na jihar New Jersey, Dakta Jeffrey Brenner ya gina shiri a kan wannan tunani, ma'aikatan jinya da na jin daɗin jama'a suna ziyartar masu yawan kwanciya asibiti, kuma alƙaluman farko sun burge kowa. Ƙungiyar ta yi abin a yaba, ta yarda a gwada shirin ta hanyar ƙuri'a a kan mutum 800. Sakamakon da Amy Finkelstein da abokanta suka buga a farkon 2020 ya nuna cewa cikin kwana 180, kashi 62.3 na waɗanda aka ziyarta sun koma asibiti, waɗanda ba a ziyarta ba kuma kashi 61.7. Babu bambanci. Mutumin da aka ɗauko a lokacin da ciwonsa ya kai ƙololuwa, ko ba a yi masa komai ba, watanni masu zuwa za su fi sauƙi. Duk kamfanin da ya zo wa asibiti da jadawalin kafin shiri da bayan shiri ba tare da rukunin kwatanci ba, wannan tambayar ya kamata a fara yi masa. Haka rigakafi: yana tsawaita rai kuma ya cancanci kuɗinsa, amma nazarin da aka yi a 2008 kan ɗaruruwan matakan rigakafi ya nuna yawancinsu ƙara kashe kuɗi suke, ba ragewa ba. In an sayar da shi da sunan tsimi, ranar da tsimin bai zo ba za a yanke shi.

Saura magana ɗaya da biya bisa sakamako bai cika taɓawa ba. Tun 2003 Gerard Anderson da Uwe Reinhardt da abokansu suka nuna cewa Amurkawa ba su fi Turawan Yamma yawan ganin likita ko kwana a asibiti ba, farashin kowane abu ne ya fi tsada a wurinsu. Tsarin da ke rage yawan aiki yana barin farashin a inda yake, wani lokaci ma yana taimaka masa ya hau. Don ɗaukar kasada ana buƙatar girma da jari, shi ya sa ƙananan likitoci ke sayar da ofisoshinsu ga manyan asibitoci da kamfanoni. A 2023 kaɗai kamfanin kantunan magani na CVS ya sayi kamfanin likitocin matakin farko na Oak Street Health a kan kusan dala biliyan 10.6, Amazon ya kammala sayen wani irinsa, One Medical, a kan biliyan 3.9, a farkon 2024 kuma Cano Health, wanda ya yi saurin faɗaɗa a kan irin waɗannan kwangiloli, ya shigar da takardar karyewa. Asibitin da ya haɗiye likitocin yankinsa yakan samu ƙarfin ɗaga farashi a kan inshorar kamfanoni, kuma likitocin da ake haɗiyewar su ne dai masu zaman kansu da bincike ya nuna sun fi kowa rage kuɗi. A 2021 Medicare ta sa wa kanta wa'adin 2030 na shigar da duk mutanenta na tsarin gargajiya ƙarƙashin wani mai ɗaukar alhaki. Yawan likitoci masu zaman kansu da za su rage a lokacin ya dogara da ko an ba su jarin somawa da iyakar asara da ƙiyasin da ba ya hukunta ƙoƙari kafin mai saye ya ƙwanƙwasa musu ƙofa.